Wa Ya Ce Siyasar Malam Aminu Ba Ta Ci Ba?

Akwai wata magana da ake yawan ji a majalisun hira a Kano da Zariya da Katsina, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Wai Malam Aminu Kano mutumin kirki ne, mai gaskiya da gudun duniya, amma bai iya siyasa ba. Hujjarsu ita ce bai yi Firimiya ba, bai yi Gwamna ba, takarar shugaban ƙasa ta 1979 ma bai kai labari ba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa siyasar aƙida ba ta kai mutum ko'ina, mai son yi wa talaka aiki gara ya bi inda ƙarfi yake. Da yawa daga masu faɗin haka dattawa ne da suka ga jiya suka ga yau, wasunsu ma a gidan NEPU, jam'iyyar Malam ta farko, aka haife su, abin da idonsu ya gani ne ya sage musu gwiwa. Ina ganin girmansu, amma mudun da suke awo da shi bai cika ba.

A tuna yadda talaka yake lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, shekarar da Malam ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi siyasa. Kotun alƙali, 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke. Wanda kake ƙara, shi ke da mai kama ka, shi ke da mai yi maka shari'a, shi ke da inda za a tsare ka. Ga haraji a kan kowane baligi, ga jangali a kan kowace saniya. Da kaka ta yi, magidanci zai kwashi geron da ya noma ya kai kasuwa daidai lokacin da hatsi ya fi araha, ko ya ja akuyar matarsa, don kada a shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci 'ya'yansa suna kallo. Wanda ba shi da abin sayarwa sai ya sulale cin rani da dare. Bafulatani kuwa ya kora garkensa daji don gudun ƙidaya.

A cikin wannan hali aka ce NEPU ta shiga zaɓe. A 1951 ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, sai jam'iyyar ta tashi babu kujera. A ƙauyuka kuwa, yin taro ba izini ko faɗar magana a kan hakimi ya isa a yi wa mutum bulala a ɗaure shi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku a kan haka. Duk wanda zai ƙirga kujerun NEPU ya ce ga iyakar ƙarfinta, ya kamata ya fara ƙirga mutanen da aka hana su ko buɗe baki. Duk da haka Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya a 1959.

Abin dubawa shi ne ina buƙatun NEPU suka kwana. Bayan 1966 an raba En'e da kotuna da 'yan doka da gidajen yari, aka mayar da su hannun gwamnati. Za a ce ai soja ne suka yi, kuma gaskiya ne. Sai dai soja ba su ƙirƙiro maganar ba, sun tarar an shekara goma sha shida ana yin ta a dandali, an sha duka a kanta har ta zauna a zukatan mutane, kuma Malam kansa yana cikin majalisar Janar Gowon tun daga 1967, a matsayin kwamishinan sadarwa sannan na lafiya. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970. A lokacin da NEPU ke cewa a ba mata ƙuri'a, ana kallon maganar kamar saɓo. Yau mata kan yi dogon layi a rumfar zaɓe a Kano, ba kuma wanda yake ganin abin mamaki ne.

Sai 1979, da PRP, sabuwar jam'iyyar Malam, ta ci jihohin Kano da Kaduna. Gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suna hawa suka soke haraji da jangali, wasu jihohin suka bi sahu domin babu gwamnan da zai iya ci gaba da karɓa alhali maƙwabta sun daina. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ta kuma ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu tun a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta yi.

Ba zan ɓoye inda masu wancan ra'ayi suke da gaskiya ba. PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a 1981, Malam kuma ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 jam'iyyarsa tana cikin rigima. Riƙe jam'iyya bayan an ɗanɗana mulki ya gagare su, wannan rauni ne na gaske. Talauci ma bai bar Arewa ba.

Abin da ke damuna da maganar shi ne ɓarnar da take yi wa matasa. Yaro ya fito neman kansila da niyyar ya tsaya a kan asibitin mazaɓarsa da ba magani, ko a kan kuɗaɗen da ake tatsar 'yan tireda da masu kai amfanin gona kasuwa a kowane shinge, sai manya su ce masa ya nemi ubangida tukuna, ai ko Malam bai kai ba. Ya kamata a riƙa gaya masa sauran labarin. Tsakanin ranar da aka kafa NEPU da ranar da aka soke haraji a Kano shekara 29 ce, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa bulala a kan maganar sun rayu har suka ga shekarar da mai unguwa bai zo ƙofar gidansu da takardar haraji ba.