Dam ɗin Tiga: Waɗanda Suka Ba da Ƙasa da Waɗanda Suka Sha Ruwa

Kogin Kano yana gangarowa ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa, ya bi ta Tudun Wada, kafin a tare shi a Tiga cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji. Gwamnatin Audu Bako ce ta fara wannan madatsa a 1971, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ke cin Arewa har dabbobi na faɗuwa a kan hanya. Tafkin da ya taru ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178. Ba abin mamaki ba ne da aka yi murna. Sai dai ƙasar da ruwan ya kwanta a kai ba daji ba ce. Da masu ita.

Kafin dam, kogin ne ke tsara wa mutanen gaɓarsa shekara. Da damina ya cika ya malala, ya bar laka mai taki a fadama. Idan ya janye, manomi ya kafa jigo, ya yi lambun albasa, rake da barkono. Masunta su shiga gurbin da ruwa ya rage da koma da taru, da izinin Sarkin Ruwa. Fulani kuma su sauko cin rani, shanu su ci kara, su bar wa mai gona taki. Sana'a uku kenan a kan ƙasa ɗaya, kowa ya san lokacinsa ba tare da an rubuta a takarda ba.

Fadamar nan ce ruwa ya fara haɗiyewa. Dubban mutane aka tasa, aka mayar da su kan tudu. Ko an biya diyyar gida da amfanin gona, wa zai biya kuɗin ɗorawar da kaka ya bari, ko maƙabartar da iyaye ke kwance? Mai fadama ya koma jiran damina kaɗai. Burtali da mashaya suka nutse, makiyayi ya nemi wata hanya, wadda sau da yawa ta cikin gonar wani take bi.

Ruwan kuwa gaba ya yi. Babbar magudana ta kai shi Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, inda aikin noman rani na Kogin Kano, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ya haifar da shinkafar Kura da tumatirin Kwanar Gafan. Wannan alheri ne na gaske, babu mai musu. Shi ma tafkin ya kawo kifi rani da damina, amma kamu ne na kwale-kwale da kalli, ba irin wanda aka gada ba.

Can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, labarin ya sha bamban. Ambaliyar da manoman shinkafa da masunta suka dogara da ita ta ragu, musamman bayan da aka gama dam ɗin Challawa a Ƙaraye a 1992. Ruwan da ake saki duk shekara bai bari ƙasa ta bushe ba, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama masaukin jan baki mai cinye hatsi.

An yi irin wannan tashin jama'a a Kainji a 1968, inda tsohon garin Bussa ya nutse. A Bakolori kuma, rigimar diyya ta kai ga kashe manoma a 1980. Tiga ba ta ga jini irin wannan ba, shi ya sa ba a cika tuna mutanenta ba.

Batun lantarki shi ya zo a makare. Sai a mulkin Kwankwaso na biyu aka ɗauko aikin tashar megawat 10 a Tiga, kusan shekara 40 bayan tare kogin, Ganduje ya ci gaba da shi. Wutar kuma an tsara ta ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birnin Kano.