Tsofaffin Wasannin Hausa da Fitinar Kuɗin Ƙofa

Duk wanda ya zauna ajin Hausa a ƙasar Karaye da Rogo, da wuya a ce bai gamu da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ba, ko Uwar Gulma ta Mohammed Sada. Amma abin takaici, waɗannan littattafai da tun asali aka tsara domin kunne ya ji, ido ya gani, sun koma abin hadda don cin jarrabawa, alhali manoman garin Gwangwan na wannan yanki da iyalansu, waɗanda zancen aure da saki da dukiyar da ke ciki ya fi shafa, ba a kai musu wasan dandali.

Mutanen da suka tashi da tashe cikin Ramadan, da kalankuwa bayan kaka, ba sai an koya musu ma'anar kwaikwayo ba. A ƙarshen shekarun 1970 Michael Etherton da ɗalibansa na Jami'ar Ahmadu Bello sun riƙa fita daga Samaru zuwa garuruwa irin su Soba da Maska, suna wasa a fili kan matsalolin manoma, har 'yan kallo su tsoma baki su gyara labarin.

In za a kawo irin wannan wasa Gwangwan, tsorona yana ga kuɗi, kuma hujjata tana Kano. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, ƙungiyoyin wasa suka rikiɗa kamfanonin fim, dubban matasa suka sami sana'a, wannan kuwa alheri ne da ba mai musunsa. Sai dai sannu a hankali hukunci ya bar hannun marubuci ya koma ga dillalan kaset na Ƙofar Wambai, waɗanda suka riƙa auna labari da yawan waƙa da rawar da aka cusa masa.

To, haka lamarin zai kasance a Gwangwan in aka kewaye fili da zana aka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa: tsofaffi da almajirai da matan da ba su da ko sisi su za a fara bari a waje. In kuwa attajiri ko ɗan takara ya ɗauki nauyi, to wa zai yarda a nuna faɗuwar Malam Jatau a gabansa ba a sassauta ba?

Ladan ɗan wasa halal ne, ba shakka. A tara masa ta karo-karo, ko da tiyar dawa ce, a nemi iznin dagaci, a yi wasan a filin firamare bayan la'asar, ƙofa a buɗe.