Idon Bakwaini Ba Ya Jiran Arba'in

'Yan'uwa manoma na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: bakwaini yakan zo duniya jijiyoyin cikin idonsa ba su gama tsirowa ba. Wani lokaci sukan tsiro a karkace, su ja tantanin gani har ya ɓalle, yaro ya makance. Daga waje kuwa ido garau, uwa ba ta ganewa.

Wajibi ne likitan ido ya duba cikin kwana 30. In an tari cutar da wuri, akan ƙona gefen tantanin da hasken lesa, gani ya tsira. Amma mun saba mai jego ba ta tafiya sai arba'in.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ware kuɗin mota daga asusunta, a kai yaron Asibitin Ido na ECWA, Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa, Kaduna.