Shatar kwale-kwale na awa uku a Dam ɗin Challawa: yadda ake shirya ta ba tare da asara ba

Da yawa daga cikinmu mun haƙa kududdufi ko mun sayi tanki alhali ba mu taɓa ganin kifi a inda Allah ya ajiye shi ba, sai a faranti. Ni ma haka na fara. Shawarata ga duk mai shirin zuba kuɗinsa a wannan sana'a ita ce, idan hanya ta bi da shi ta Ƙaraye ko Rogo, ya ware awa uku ya ɗauki shatar masunci da kwale-kwalensa, ya shiga ruwa tare da shi. Amma fa abin yana da ƙa'ida, kuma ni sai da na sha wuya na gane ta.

Ga wanda bai sani ba, Dam ɗin Challawa yana ƙaramar hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. An kammala shi a 1992 a kan kogin Challawa, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Idan ya cika yana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Wato ba tafkin bayan gari ba ne da yara ke wanka a ciki. Masunta na kama ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu da sauransu a nan, kuma akwai wuraren da suke fito da kamu, kamar ta wajen Turawa.

Zuwana na farko shirme ne zalla. Na je Rogo sayen masarar haɗa abincin kaji, a hanyar dawowa na ce wa direba ya jira ni a Ƙaraye, yanzun nan zan dawo. Na isa bakin ruwa rana ta take, masuntan kirki duk sun fito sun sayar sun tafi gida. Na samu wani saurayi, ban yi ciniki ba, ban faɗi lokacin dawowa ba, na faɗa jirgi. Muka yi ta yawo ba mu kama komai ba. Da muka fito ya yanka mini kuɗin da ya ga dama, mota kuma ta tafi da masarata, sai washegari na bi sawunta. Don kada in koma hannu rabbana, na sayi wasu ƙananan tarwaɗa a bakiti na kai gida na juye cikin tankina. Labarin wannan yana tafe.

A ƙasashen da manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido ke yada zango na 'yan awoyi a tashar wani gari, fasinja mai son kamun kifi yakan kama ƙaramin jirgi tun kafin ya iso, galibi na rabin yini, kamar awa huɗu. Babbar dokarsu guda ce: babban jirgi ba ya jiran wanda ya makara. Mu ma haka ne, motar haya ba ta jira, rana ma ba ta jira. Ga yadda na shirya zuwana na biyu.

1. Ka shirya tun jiya, kuma ta hannun wanda aka sani

Kada ka tsaya a bakin ruwa kana neman duk wanda ka gani. Ka tambayi sarkin ruwa ko shugaban masuntan wurin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da wanda ya san ruwan, kuma idan aka samu saɓani akwai inda za a kai magana. Ni wani dattijo aka haɗa ni da shi. Na ce, "Baba, koyo na zo, ba yawo ba." Ya dube ni ya ce, "To yaro, mai koyo ba ya zuwa da hantsi. Ana sallame asuba in gan ka."

2. Ka lissafa lokacinka daga baya zuwa gaba

Masu kalli da mari-mari da yamma suke ɗanawa, da sassafe su je dubawa. Don haka lokaci biyu ne ke da amfani: daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Na safe ya fi, domin a nan za ka ga kamu da idonka. Idan motarka za ta tashi sha biyun rana, ka ce wa masunci ƙarfe goma ƙafarka tana tudu. Awa biyun da suka rage na ɗan acaɓa ne da abin da ba a sa rai ba. Wanda zai taso daga Kano gara ya kwana a Ƙaraye ko Rogo, in ba haka ba zai iso an gama. Idan na yamma ka zaɓa, ku fito kafin magariba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana zirga-zirgar jirage da dare, hankali ma ya hana.

3. Ciniki a tudu ake yinsa

Abu huɗu za ku yanke kafin ka sa ƙafa: awa nawa, nawa ne kuɗin, idan jirgi mai inji ne wa zai sayi mai, sannan kifin da aka kama na wa ne. Wannan na ƙarshe shi ke kawo rigima. Mu abin da muka yi shi ne, kamun nasa ne, ni na biya ladan ɗaukata, abin da na zaɓa kuma na saya a farashin da dillalai ke saye a bakin ruwa. Ka tuna safiyar nan ita ce kasuwarsa, kai kuma za ka rage masa sauri da tambayoyi, don haka kada ka matse shi da yawa. Ka ba da rabi a shiga, rabi a fita, a gaban wanda ya haɗa ku.

4. Ranka ya fi kifi

Ba mu manta abin da ya faru a Bagwai ba ranar 30 ga Nuwamba 2021, lokacin da jirgi ya kife a Dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau za su Maulidi, aka rasa rayuka aƙalla 29, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya. Lodi fiye da ƙima aka ɗora wa laifin. Allah ya jiƙan su. Saboda haka ka duba jirgi da kanka: yana yoyo? Akwai abin kwalfe ruwa? Akwai filafili ko da mai inji ne? Ƙaramin kwale-kwalen su, kai da masunci da yaronsa kun isa, kada ka gayyato abokai huɗu don a raba kuɗi. Ka nemi rigar kariya daga nutsewa, in babu a wurin ka zo da taka, ko da ka iya iyo. Kada ka miƙe tsaye don ɗaukar hoto. Da damina, in hadari ya haɗo, a fasa. Da hunturu, in iska ta taso ruwa ya fara tambal-tambal, a koma. In masunci ya ce yau ba a shiga, ba a shiga. Sannan ka rage tsoma jiki a ruwan gefe mai ciyayi, domin a irin nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama. Wayarka kuma a ɗaure ta cikin leda.

5. Ka shiga da tambayoyi

Nan ne ribar take. Baba ya farke mini cikin wata tarwaɗa, muka ga ƙwari da ɗan ƙaramin kifi da laka. Daga ranar na daina mamakin dalilin da dusa zalla ba ta girmar da tarwaɗa, kuma na gane me ya sa babba ke cinye ƙarami idan ba a ware su ba. Ya nuna mini macen ƙarfasa da ƙwai cike da bakinta, a nan take renon 'ya'yanta. Shi ya sa in ka zuba ƙarfasa maza da mata a haɗe, kududdufi kan cika da ƙanana da ba sa girma. Ya koya mini bambance namijin tarwaɗa da mace: namiji yana da ɗan tsiro mai tsini a bayan dubura, mace mai ƙwai kuma cikinta ya kumbura ya yi laushi. Ya koya mini riƙe kurungu ba tare da ƙayarsa ta soke ni ba.

Da kun fito kuma, kada ka yi saurin tafiya. Ka tsaya ka ga dillalai da mata masu suya da masu banda. Wane girma aka fi wawaso? Wane lokaci kamu ke raguwa kifi ya yi tsada? Da sanyi kifi yakan rage cin abinci da motsi, a dam da kuma a tankinka. Mai kiwo da ya san watannin da kifin dam ke ƙaranci a kasuwarsu, ya san lokacin da ya kamata nasa ya isa fitarwa.

6. Kada ka ɗauko ƙananan kifin dam ka zuba cikin naka

Ga labarin bakitin nan. Cikin sati biyu kifina suka fara ƙuraje suna goga jiki a bango, wasu suka mutu, waɗanda na kawo kuma wata da watanni suna nan kamar an daskarar da su. Dalili: kifin dam ba ka san shekarunsa ba, wani ƙarami ne a ido amma tsoho ne da ya tsumbure, abinci kawai zai ci maka. Girmansu ba ɗaya ba ne, sai cin juna. Kuma suna zuwa da ƙwarƙwatar kifi da matsattsaku da cututtukan da naka bai saba da su ba. Tarwaɗar da aka ƙyanƙyashe a gona mai kyau, idan ta samu abinci da ruwa mai kyau, tana iya kai kilo ɗaya cikin wata biyar zuwa shida. Araha ba ta ado.

Idan iri kake nema, wato iyayen da za ka ƙyanƙyasa, ka ɗauki lafiyayyu marasa rauni, kada su fi abin da kake buƙata, musamman da damina lokacin da suke saka ƙwai. Tarwaɗa tana shaƙar iska, don haka jarka da aka yanke samanta, ruwa kaɗan, a inuwa, za ta kai ta gida. Ƙarfasa ba ta da wannan juriyar, in babu iska a ruwan nan da nan take mutuwa. In ka isa, ka ware su a wani mazubi daban na aƙalla sati biyu, da ragarsu da bakitinsu daban, kana lura, kafin su kusanci naka.

Ni dai waccan safiya na fito ƙarfe goma saura, da ƙarfasa uku na miya da shafi biyu cike da rubutu, na tarar da motata ba ta cika ba ma. Ko yanzu in zan wuce Rogo nakan tsaya in gai da Baba in kai masa goro.

Wanda ya taɓa shiga ruwa da masunta a Challawa, ko Kusalla, ko Tiga, ya ƙara mana da abin da ya gani don na baya su amfana. Allah ya tsare mu a tudu da ruwa, ya sa albarka a kiwonmu.