KAFA RUMFA A TSAKAR GIDA: BAYANI GA MAGIDANTAN KEFFI DA KEWAYE

A gidajenmu tsakar gida ita ce wurin da a ke yin galibin harkokin yini. A nan a ke daka, a nan a ke girki da wanki, a nan kuma yara ke wasa, manya su sha iska in ɗaki ya yi zafi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai gida ya yi sha'awar rufe wani sashe nata, domin iyalinsa su sami inuwa da bazara, su kuma sami mafaka da damina. Kakanninmu sun saba yin haka da dirkoki da kara da zana. Yanzu kuwa kwano ya maye gurbin zana a yawancin gidajen birni, kuma kwano yana da nasa sharuɗɗan da zana ba ta da su.

Garin Keffi, wanda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya bunƙasa ƙwarai tun da Gwamnatin Tarayya ta koma Abuja a 1991, aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, sa'an nan aka kafa jami'ar jihar a garin bisa dokar 2001. Ma'aikata da ɗalibai sun yawaita, an yi ta ƙara ɗakuna a cikin tsofaffin gidaje, tsakar gida ta ƙuntata, gida ya matsi gida. Rumfar da a ka kafa da ganganci a irin wannan cunkoso ba mai ita kaɗai ta ke cuta ba, har da maƙwabtansa.

ABOKIN GABAR RUMFA

Yawancin mutane in za su yi rumfa, abin da su ke tsoro shi ne kada ta rufto. Sai su nemi dirkoki masu kauri, su ga sun tsaya ƙyam, hankalinsu ya kwanta. Amma rumfar kwano ba ta cika faɗowa ƙasa ba. Tashi sama ta ke yi.

Dalili kuwa shi ne, ɗaki yana da bango huɗu da ke tare iska, ita kuwa rumfa a buɗe ta ke. Iskar hadari ta kan shiga ƙarƙashinta, ta tarar da bangon ɗaki ya tare mata hanya, sai ta tura rufin sama. A lokaci guda kuma iskar da ke wucewa ta bisa kwanon tana zuƙarsa. Ƙarfi biyu ke nan sun haɗu a kan abu guda, kuma dukansu sama su ke nufa da shi.

Ga ɗan lissafi. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana tura kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kusa nauyin kilo 50. A ɗauka rumfar tana da tsawon mita 4 da faɗin mita 3, watau murabba'in mita 12. Ƙarfin da zai nemi ɗaga ta zai kusa kilo 600, kwatankwacin buhun siminti 12. Nauyin kwanon da katakan irin wannan rumfa duka bai kai ko rabin haka ba. Wani abin lura kuma, in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta ninkawa ya ke yi sau huɗu. Shi ya sa rumfar da ta shekara uku lafiya lau ta kan tashi a dare ɗaya.

A ƙasar Keffi damina ta kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma iska ta fi tsanani a farkonta da ƙarshenta. Kamar yadda kowane manomi ya sani, hadari daga gabas ya kan taso. Wanda ya sami zaɓi, ya fi masa kyau ya kafa rumfarsa inda ɗaki ko katanga za su kare ta daga gabas, bakinta kada ya fuskanci can.

Maganin wannan matsala guda ne, shi ne a ɗaure rumfar tun daga kwano har ƙasa, kamar sarƙa: kwano a jikin ƙananan katakai, ƙananan katakai a jikin manya, manya a jikin dirkoki, dirkoki kuma a cikin ƙasa. Duk mahaɗar da a ka yi wa sakaci, ta nan iska za ta ɓalle aikin. Aza duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan kwano, wanda a ke yawan gani a unguwanninmu, ba ɗauri ba ne. Ran da iska ta fi ƙarfinsu, tare da kwanon za su sauko a kan mutane.

DIRKOKI DA KATAKAI

A haƙa wa kowace dirka rami mai zurfin da bai gaza ƙafa 2 ba, a cika shi da kankare: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Amfanin wannan kankare ba riƙe dirka a tsaye kaɗai ba ne, nauyinsa ne ke hana iska tumɓuke ta. In dirkar ta bututun ƙarfe ce, mai walda ya liƙa mata guntun rodi a gicciye a gindi, yadda ba za ta zare daga kankaren ba. A riƙa yayyafa wa kankaren ruwa har kwana 7, kuma kada a yi gaggawar ɗora masa kaya. Tazarar ƙafa 8 zuwa 10 tsakanin dirka da dirka ta isa.

In dirkar ta itace ce, to, sai a tuna da gara. Kada gindin katako ya taɓa ƙasa. A dasa ƙarfe a cikin kankaren, a ɗaure katakon a jikinsa da noti, ya zama yana bisa daɓe da kamar inci 2. Dukan katakan aikin su zama busassu, a kuma shafa musu maganin gara kafin a hau da su, musamman bakin da zarto ya yanka. Ɗanyen katako yana da araha a kasuwa, amma in ya bushe ya kan murɗe, ya saki ƙusa. Azarar giginya, wadda magina na dā su ka dogara da ita, gara ba ta cika cinta ba, sai dai samunta ya yi wuya, kuma ba ma ƙarfafa wa jama'a gwiwar sare giginya.

Ƙusa kaɗai ba ta isa ta riƙe katako a kan katako ba, domin yadda ta shiga a miƙe haka ta ke fita a miƙe. A kowace mahaɗa a naɗa langalanga, ta zagaye katakon sama ta sauko a buga ta a jikin na ƙasa ta gefe biyu. Kuɗin langalangar rumfa guda bai kai na kwano biyu ba, amma ita ce kafinta mai son gama aiki da wuri ya kan fara tsallakewa. Mai gida ya tsaya ya gani da idonsa kafin a rufe.

Sai batun jingina rumfa da ɗaki. In bangon na bulon siminti ne mai ƙwari, ana iya ɗaure dogon katako a jikinsa da noti masu ratsa bangon, rumfar ta hau kansa. In kuwa ginin ƙasa ne, kamar yawancin gidajen tsohon gari, kada a rataya masa komai. A kafa wa rumfar dirkokinta ta kowane gefe, ta tsaya da ƙafafunta. Haka nan kada a buga ta a bakin katakan rufin ɗaki. Wanda ya yi haka ya ba iska mariƙi, in ta ɗaga rumfar sai ta yaye rufin ɗakin gaba ɗaya.

KWANO

Rufi yana bukatar gangara. Ga kwano na yau da kullum, a sauke ƙafa 1 a cikin kowace ƙafa 6. Rufin da ya kwanta sosai ya kan tara ruwa da ganye, ya yi tsatsa, iska kuma ta riƙa kora ruwa ta mahaɗa. Kwano ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi ta gefe, da inci 6 ta tsawo. A yi amfani da ƙusa mai hula, a buga ta a kan tudun kwanon, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A bakin rufi da kusurwoyi a ƙara yawan ƙusa, gama ta nan iska ke fara ɓamɓara. Inda rumfa ta haɗu da bango a sa sallen kwano a lanƙwashe, a cusa bakinsa cikin bangon a shafe da siminti, in ba haka ba ruwa zai riƙa bin bangon yana jiƙa ɗaki.

Akwai kwano a kasuwa mai sirantaka kamar takarda, wanda hular ƙusa ke ratsawa da zarar iska ta girgiza shi. Mai saye ya tambayi kaurinsa, ya kuma duba tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON. Wanda kuma ya gaji tsohon rufin asbestos, kada ya yanka shi da zarto ko ya farfasa shi don yin rumfa, domin ƙurarsa tana haddasa ciwon daji a huhu.

Kwano yana da zafi, wannan gaskiya ne. Rumfar da ta yi ƙasa-ƙasa a watan Maris ba ta zaunuwa. Bakinta na ƙasa kada ya gaza ƙafa 8, a bar gefunanta a buɗe, a kuma shimfiɗa zana ko tabarma a ƙarƙashin kwanon da ɗan rata a tsakani. Farin fenti a bisa kwanon yana rage zafi. Rufin ciyawa ya fi duka sanyi, amma yana son gangara mai tsayi ƙwarai, kuma bai dace da wurin da a ke hura wuta ba, balle da hunturu.

INA RUWAN ZAI TAFI?

Wannan tambaya ce da ya kamata a amsa tun ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ruwan da ke sauka a ƙasar Keffi ya kan wuce milimita 1,000 a shekara. Ke nan ƙaramar rumfar nan tamu mai murabba'in mita 12 za ta zubo da fiye da lita 12,000 kowace damina, watau cikin ganga 60 masu lita 200. Dā wannan ruwa a warwatse ya ke sauka a faɗin tsakar gida. Yanzu kuwa a layi ɗaya zai zuba.

In layin nan ya faɗa gindin katangar ƙasa, zai cinye ta. In ya faɗa kusa da masai ko rijiya, ɓarnar ta fi haka, gama ambaliyar masai a gidan da a ke shan ruwan rijiya ita ce hanyar amai da gudawa. In kuwa ya zuba a gidan maƙwabci, an sayi husuma da kuɗin aljihu. Gangarar rumfa ta fuskanci cikin gidan mai ita. A sa mazurari a bakin kwanon, ya kai ruwan cikin tanki ko ganga, ragowar kuma ya bi magudana ta siminti ya fita ta wuriya zuwa lambatu.

Tara ruwan riba ce ga uwargida, amma da sharaɗi biyu. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya wuce. Sa'an nan kowace ganga ta kasance a rufe, domin a lokacin zafi sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Ruwan da za a sha kuwa a tafasa shi.

IZINI DA LAFIYAR IYALI

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta tanadi cewa a nemi izinin hukuma kafin a yi gini ko a yi wa gini babban canji. A Jihar Nasarawa, Hukumar Raya Birane ta jihar ce ke duba wannan. Mai niyyar yin rumfa ta dindindin, mai kankare da ƙarfe, ya je ofishinta mafi kusa da ɗan zanen abin da ya ke so, ya ji ko aikin nasa na bukatar takarda. Ɗan haya kuma ya sami yardar mai gida a rubuce. Rumfa ba ta fita kan hanya, ba ta hawa kan lambatu, ba a kuma kafa ta a ƙarƙashin wayar lantarki. In wayar da ta shigo gidan ta bi ta wurin, a kira ma'aikatan lantarki su kawar da ita kafin kafinta ya ɗaga kwano.

Kada rumfa ta toshe tagar ɗakin kwana. In a ƙarƙashinta za a riƙa girki da itace ko gawayi, a bar wa hayaƙi mafita ta sama, murhu kuma ya yi nesa da dirkar katako. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne janareta. Mutane su kan tura shi ƙarƙashin rumfa don gudun ruwa, dab da taga, iyali na barci a ciki. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha hallaka mutanen gida guda a ƙasar nan. A yi masa tasa 'yar rumfar daban, can nesa da ƙofofi da tagogi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da katako ya bushe, kuma babu hadarin da zai riski aiki rabi da rabi. Bayan an gama, kowace shekara a cikin watan Maris mai gida ya sa tsani ya duba: ƙusar da ta ɗago a sake ta da sabuwa, langalangar da ta yi tsatsa a canja ta, a kwashe ganyen da ya cika mazurari, a ƙwanƙwasa gindin kowace dirka a ji ko gara ta shiga.