Denham Harman da Nazarin Tsatsar Jiki

Gabatarwa

Akwai hanyoyi biyu na auna tasirin masani. Ana iya duba ko amsar da ya bayar ta tabbata, ana kuma iya duba irin binciken da tambayarsa ta haifar. Aikin Denham Harman, wani likita Ba'amurke da ya rayu daga 1916 zuwa 2014, misali ne da ke nuna cewa ma'aunan biyu ba kullum suke daidaita ba.

Tushen Ra'ayin

Kafin Harman ya karanci likitanci, ya yi aiki a kamfanin mai na Shell a matsayin masanin sinadarai. A can ya saba da wasu ƙwayoyin sinadari waɗanda za a iya kira gwagware. Bisa al'ada, ilektaron da ke jikin ƙwayar sinadari bibbiyu suke zama. Idan ɗaya ya rasa abokin zama, sai ƙwayar ta kasa natsuwa, ta fizgo wani daga maƙwabciyarta, ita ma maƙwabciyar ta fizgo daga ta gaba, ɓarna ta yi ta yaɗuwa. Irin wannan aiki na iskar oksijin shi ke sa man gyaɗa ya canza wari idan ya daɗe a ajiye, kuma dangin tsatsar ƙarfe ne.

A 1956 Harman ya buga wata gajeriyar maƙala inda ya ce wannan tsatsa tana aukuwa a jikin ɗan Adam, domin jiki yana haifar da gwagwaren a yayin da yake sarrafa oksijin, kuma ɓarnar da suke tarawa ita ce tsufa. Daga nan ya yi hasashen cewa sinadarai masu hana tsatsa, watau irin su bitamin C da bitamin E, za su iya rage saurin tsufa.

Da farko masana ba su kula shi ba. Sai a 1969, lokacin da Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano wani sinadari da jiki ke yi musamman don kawar da ɗaya daga cikin gwagwaren, aka fara ɗaukar maganar da muhimmanci. Dalili kuwa shi ne, jiki ba zai tanadi makami ba in babu abokin gaba. Shi kansa Harman ya ciyar da ɓeraye masu hana tsatsa, ya ga matsakaicin tsawon ransu ya ƙaru, amma iyakar tsawon ran ba ta gusa ba.

Daga Abinci zuwa Kwalba

Bincike da yawa ya nuna cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa sun fi tsira daga wasu cututtuka. Sai aka ɗauka sirrin yana cikin masu hana tsatsa, musamman bita-karotin, wato sinadarin da ke ba karas da manja launinsu. Kamfanoni suka dunƙula su a ƙwayoyi, kasuwa ta buɗe tun kafin a gwada.

Amma gani ya kori ji. A ƙasar Finlan an gwada ƙwayoyin a kan maza mashaya taba 29,133. Sakamakon da ya fito a 1994 ya girgiza masana: sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka ba bita-karotin. A 1996 aka dakatar da wani gwaji a Amurka kafin lokacinsa, mai mutum 18,314, saboda ƙarin ya kai kashi 28 cikin 100. Inda aka ga amfani a fili shi ne wani ciwon ido na tsofaffi, wanda gwajin 2001 ya nuna haɗin waɗannan bitamin da sinadarin zinki yana rage tsanantarsa.

Bugu da ƙari, an gano cewa gwagwaren ba ɓarna kaɗai suke yi ba. Fararen ƙwayoyin jini da su suke kashe ƙwayoyin cuta, kuma jiki yana aika saƙonni da su tsakanin sassansa. Saboda haka share su gaba ɗaya ba alheri ba ne.

Kammalawa

A yau masana suna ɗaukar tsatsar jiki a matsayin ɗaya daga cikin dalilan tsufa, ba dalili guda tilo ba kamar yadda Harman ya zata. Duk da haka, tambayarsa ce ta buɗe fagen nazarin da ya gyara ta. Darasin da ya rage ga mai cin abinci a bayyane yake: amfanin da aka gani a zogale da tumatir da lemo bai bi sinadarin zuwa cikin kwalba ba, kuma mashayin taba da ya sayi ƙwayar bita-karotin don kare huhunsa yana iya ƙara wa kansa haɗari ne da kuɗinsa.