Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Gwarzo da Kabo

Ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar yawancin yammacin Jihar Kano, a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, kuma shi wannan dutse ba ya riƙe ruwa. Ruwan da ake samu a rijiya yana kwance ne a wurare biyu: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ya koma tsakuwa da yashi a ƙarƙashin marmara, wanda kaurinsa galibi bai wuce mita 30 ba, sai kuma cikin tsagogin da ke jikin dutsen kansa. Shi ya sa wani zai haƙa burtsatse a Getso ko Garo ya sami ruwa a wadace, maƙwabcinsa ya haƙa tasa ya tashi a tutar babu: ɗaya ya dace da tsaga, ɗaya ya faɗa kan fa. Ƙasar Haɗeja da Gumel mai rairayi mai zurfi lamarinta daban ne, bai kamata a gwada ta da nan ba.

Duk wannan ruwa daga sama yake zuwa. Damina tana sauka ne daga wajen Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba, kuma kaɗan ne daga cikin ruwan yake nutsewa. Saura rana ta shanye shi, ko ya bi rafuka ya gangara Kogin Challawa. Ke nan randa ce da ake cikawa wata huɗu, a yi ta ɗiba har wata goma sha biyu. A farin 1973 da na 1984 rijiyoyi da dama a Arewa sun ƙafe, alhali a lokacin masu ɗiban ba su kai na yanzu yawa ba. Madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, da ƙanana irin su Guzuguzu a Kabo, suna tare ruwan damina ne kawai, ba sa ƙara wa sama ko ɗigo.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin jama'a shi ne haƙa ba tare da awo ba. Akwai na'urar da masana ke auna ƙasa da ita su gano inda ruɓaɓɓen dutse ya fi kauri ko inda tsaga take, kuma ladan awon bai kama ƙafar kuɗin haƙa ba. Haka nan idan inji ya shiga lafiyayyen dutse marar tsaga, ƙara zurfi ba ya kawo ruwa, sai dai ya ƙara wa mai haƙa kuɗin mita.

Zuwan sola ya sauƙaƙa jan ruwa, amma ya zo da tasa matsalar. Injin da ke aiki tun hantsi har la'asar, tanki ya cika yana ambaliya ba mai kashewa, yana iya janye ruwan rijiyoyin guga da ke kewaye da shi, musamman a bazara. Cike kududdufai da gine-gine da sare itatuwa su ma suna rage wuraren da ruwa ke tsayawa ya nutse.

Sai batun ƙazanta, wanda ya fi ƙafewa haɗari domin ido ba ya ganinsa. Tun da ruwan yana kusa da saman ƙasa, abin da ya tsiyaya daga masai, turken dabbobi, juji ko takin zamani yana iya isa gare shi, ruwan kuwa ya fito garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko taifot. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma rijiyar ta kasance a tudu, masai a gangare. A ɗaga bakinta da siminti, a yi mata murfi, a daina ajiye guga a ƙasa, a riƙa yashe ta kafin damina.

Tun shekarun 1980 hukumar raya aikin gona da karkara ta jihar, KNARDA, ta haƙa burtsatse a ƙauyukan Kano, daga baya hukumar samar da ruwa da tsaftar karkara, RUWASA, ta ci gaba. Da yawa daga famfunan tuƙa-tuƙa da suka tsaya, ruwansu na nan. Ɗan ƙarfe ko roba ce ta lalace aka rasa mai saye. Ya kamata kowace unguwa, ƙarƙashin mai unguwa ko dagaci, ta kafa kwamitin ruwa da asusun gyara tun famfon yana aiki.